Zanin da Na Zare Daga Akwatin Mahaifiyata

Salama gare ku, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Kirista da Musulmi. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, ko harafin farko kada a saka, domin duk wanda ya san harkar leshi a Fagge zai iya gano ni da kalma biyu. Kuma ina roƙo, kafin wani ya ɗaga yatsa ya rubuto min zagi, ya daure ya karanta har ƙarshe. Ba wanke kaina na zo yi ba. Zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina shi shekara uku cur, har da wanda ba zai zo muku a rai ba. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Lahadi nake bukatarta.

Ni mace ce, shekarata arba'in da huɗu, haifaffiyar Sabon Gari. Babana Ibo ne, tela, ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kano yana saurayi da keken ɗinki guda ɗaya. Mamata kuma daga kudancin Kaduna take. Ba mai jin yaren wani a cikinsu, Hausa ce ta haɗa su, da ita suka yi soyayya, da ita suke faɗa, da ita muka tashi. Mu biyu suka haifa, ni da ƙanena da ke Legas, kuma Baba bai taɓa kirana da sunana ba sai Ada, wato 'yar fari a yarensu. Lokacin aurensu danginsa ba su so ba, nata ma ba su so ba, don haka ba wanda ya kawo musu ko ɗankwali. Turmin atamfa guda suka iya saya, shuɗiya mai zanen ƙananan tsuntsaye. Baba ya sa almakashi ya raba shi biyu, yadi uku ya ɗinka wa kansa riga, yadi uku ya zama zani da ɗankwalin Mama. Da shi aka ɗaura musu aure ranar Litinin ɗin Ista. Tun daga wannan shekarar, duk ranar Lahadin Ista da muke murnar tashin Yesu daga matattu, wannan atamfar suke fiddowa daga ƙasan akwati su sa, su jera zuwa coci.

Ni kuwa tun ina yarinya na tsani atamfar nan. Ranar da kowa ke fitowa da sabon ɗinki, har 'ya'yan da ubansu ba tela ba ne sun sha ado, sai iyayena su fito da abu ɗaya kamar 'yan makaranta. Ƙawayena har suna suka sa mata, wai yunifom. Shekaru na tafiya tana koɗewa, tsuntsayen suna ɓacewa, wata shekara dutsen guga na gawayi ya ƙona zanin Mama ta wajen gwiwa, Baba ya yanko ƙyalle daga cikin aljihun rigarsa ya yi mata faci. Na girma, na shiga kasuwa, na fara da ɗaukar turmi biyar a ka ina bi gida-gida, na sha rana, na sha wulaƙanci, har Allah ya ba ni shago a kasuwar Kwari ina sayar da leshi a sari. Ba irin kayan da ban kai musu ba. Mama ta karɓa, ta shafa, ta sa min albarka, bayan wata guda sai in gan shi a jikin wata gwauruwa a zumuntar matan cocinmu. Na taɓa yi mata faɗa sosai, na ce kunya take ba ni, a ce mai sayar da leshi uwarta na yawo da tsumma ranar Ista. Ko a jikinta. Ta ce min ranar da suka fara sa atamfar nan ba su da komai a duniya sai Yesu, kuma ta ga ya ishe su, shi ya sa take sa ta duk shekara don ta tuna wa kanta. Na ce ai Yesu bai hana ado ba. Ta ce bai hana ba kam, amma ni ta lura adon ya fara hana ni zuwa sujada a coci.

Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da Mama, ɓarin jikinta ya shanye. A lokacin Baba ya yi shekara takwas ba ya gani, ciwon sukari ya tafi da idanunsa duka biyu, ita ce take yi masa jagora ko'ina. Mako biyu ta yi a asibiti. Abin da ya fi ba ni mamaki, har ya riƙa ba ni haushi, shi ne ko kaɗan ba ta tsorata ba. Ni da nake da lafiya nake rawar jiki, ina bin likitoci, ina cewa a faɗi kowane magani zan saya, ita kuwa sai ta ce min in zauna in huta, barci kawai za ta je ta yi, kuma wanda zai tashe ta ya san inda za a kwantar da ita. Wata rana da la'asar, Baba na zaune a ƙarshen gado riƙe da ƙafarta, ta kamo hannuna da hannunta mai lafiya. Maganarta ba ta fita sosai, sai da na sunkuya.

"Ada, zanina na Ista za ki sa min, da ɗankwalin, da farar rigata ta zumunta. Shi ke nan. Babanki ma in lokacinsa ya yi, rigarsa za a sa masa."

Na ce ta daina irin wannan magana, za ta warke mu koma gida. Ta ƙara matse hannuna, ta kalle ni ido cikin ido.

"Na san ki. Kada ki yi talla da ni."

Allah ya sani maganar nan ta soke ni. Na ce haba Mama, wace irin 'ya ce za ta yi talla da gawar uwarta? Har kuka na yi na jin haushi. Ba ta janye ba, sai da ta sa na ɗora hannuna a kan na Baba na yi alkawari. Mu uku ne kaɗai a wurin, ƙanena bai iso ba tukuna, Fasto ma bai san da zancen ba. Bayan kwana biyu ta cika.

To ga inda shaiɗan ya same ni, ko in ce ga inda na sami kaina, don na gaji da ɗora masa laifina. Kafin Mama ta kwanta na shigo da wani sabon leshi, ruwan zinariya, mai duwatsu, wanda ba mai irinsa a duk Kano. Ya yi tsada, ya zauna min a sito, mata su zo su shafa su ajiye. Da aka sa ranar jana'iza na fara lissafin waɗanda za su zo: matan kasuwa, manyan kwastomomina, dangin Baba daga gabas waɗanda ba su taɓa ganin Mama da gashi ba. Ku da ba ku san al'adarmu ba, mu ana buɗe akwati ne kowa ya zagaya ya ga fuskar mamaci ya yi bankwana. Me za su ce in sun leƙa sun ga koɗaɗɗen zani mai faci? Ba cewa za su yi ga mai leshi ta binne uwarta da tsumma ba? Wa zai tsaya ya ji labarin wani turmi da aka raba biyu? Na zauna na yi wa kaina wa'azi mai daɗi. Na ce ai Fasto da kansa yana faɗa cewa da sabon jiki za a tashi, ba atamfa ce za ta tashi ba, ƙasa za ta cinye zanin kamar yadda za ta cinye leshin, to mene ne bambanci? Na ce girmama ta zan yi. Amma yau da nake rubuta muku ba zan ɓoye ba, a can ƙasan duk wannan wa'azin akwai wata ƙaramar murya da take cewa, in suka ga leshin nan a jikinta, an gama. Na ji muryar sarai, kuma ban kore ta ba. Na kai wa tela leshin, na ce a yi ɗinkin gaggawa. Na je mutuware ni kaɗai, na ce wa matan zumunta su bar min, ni zan shirya uwata da hannuna. Suka yi ta yabona.

Saura Baba. Na san ba zai yarda a rufe akwati bai taɓa ta ba, kuma hannun tsohon tela ba a yi masa ƙarya, yana shafa yadi zai gaya maka irinsa da inda aka saƙa shi. Da safiyar jana'izar aka kawo ta gida, aka ajiye akwatin a falo. Mutane sun cika tsakar gida har bakin titi. Na fito na ce a ba Baba minti biyar shi kaɗai da matarsa, kowa ya ce wannan haka yake. Na rufe ƙofa. Na ciro tsohon zanin daga jakata, na ninka shi biyu don kada duwatsun leshin su fito, na shimfiɗa a kanta daga ƙirji har ƙafa, na juyo da facin ta sama. Sannan na shigo da shi. Na ce masa ma'aikatan mutuware sun ce kada a taɓa fuska da kai saboda maganin da aka sa mata, don na ɗaura mata wani ƙaton gwaggwaro da ba na so ya ji. Na riƙe wuyan hannunsa gam, ni nake kai shi inda nake so. Yatsunsa suka yi ta bin zanin a hankali har suka sami facin. Ya tsaya a nan, yana bin ɗinkin da babban yatsansa, ɗinkin da ya yi lokacin yana da ido. Ya yi murmushi. Ya kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi, ya ce ta riƙe masa wuri, yana nan tafe. Sannan ya lalubo kaina ya dafa.

"Allah ya yi miki albarka, Ada. Kin cika wa uwarki alkawari."

Na raka shi bakin ƙofar ɗaki na ce ya ɗan jira. Ko haƙurin ya fita ban yi ba, don ina jin masu hoto biyu da na ɗauko suna ƙwanƙwasa ɗaya ƙofar. Na koma na fizge zanin. Wani dutse na leshin ya kama zare, ya yi 'yar ƙara. Baba ya juyo ya ce mene ne wannan? Na ce labule nake gyarawa. Na cusa zanin a jaka, na gyara wa Mama wuyan riga, na buɗe wa jama'a.

Abin da ƙaramar muryar nan ta faɗa kuwa shi ya faru. Mata na zagaya akwati suna hawaye, amma ina kallon idanunsu, na san kallon mai saye. Hotuna suka shiga waya. Baba na zaune a gefe da ƙanena, masu gaisuwa suna ce masa an yi wa Mama sutura mai kyau, shi kuma yana cewa i, wadda ta zaɓa da kanta ce. Ko sati biyu ba a yi ba aka fara zuwa shagona ana tambayar irin wanda aka sa wa Mama. Kun san halin kasuwarmu, duk yadin da ya shiga gari sai an raɗa masa suna. Ban san bakin wa ya fara fitowa ba, na dai wayi gari ana kiransa Mama Ta Huta. Sito ya zama wayam cikin wata guda, na sake odarsa, na sake, na kawo shi ruwan hoda, na kawo shi kore. Ya bar Sabon Gari ya shiga cikin gari, amaren da ba su san asalin sunan ba suna sa shi ranar kamu. Na buɗe shago na biyu, na sayi mota, na sayi gidan da muke haya. Kullum sai na ji wata ta tsaya a bakin shago tana tauna cingam tana cewa, Madam, akwai Mama Ta Huta? Ni kuma in ce akwai, wane launi? Uwar da ta ce kada in yi talla da ita, shekara uku ke nan ita ce allon tallata.

Za ku ce to ai na samu abin da nake so. Na samu, kuma ban taɓa zama fanko irin yanzu ba. Ina cin abinci ne don kada in faɗi. In na shiga coci a layin baya nake zama, kuma duk ranar da za a ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu, wanda ba a so mutum ya kusance shi da ɓoyayyen zunubi, sai in ɗauki waya in kara a kunne in fice kamar an kira ni. Shekara uku ban ci ba. Na saya wa coci kujeru, na sa fankoki, na ɗinka wa matan zumunta anko kyauta, aka kira ni gaba aka tafa min, na dawo gida na yi amai. Wa nake ruɗa? Allah zan ba toshiyar baki da fanka? Abin da nake so ba ya cikin sitona. Ina so in sami abin da Mama take da shi a kan gadon asibitin nan, wanda ya sa ta kalli mutuwa ba ta ko ƙifta ba. Ni ko kaina ne ya sara sai in ce ta zo, in fara gumi.

Sau ɗaya asirina ya kusa tonuwa. Wata aminiyar Mama a zumunta, mu ce da ita Mama Ladi, ta zo gaida Baba sanye da leshin. Baba yana da wata ɗabi'a tun da ya makance, in baƙo ya zauna kusa da shi sai ya shafa hannun rigarsa ya faɗi irin yadin, yana jin daɗi in ya canka. Ya shafa nata ya ce kai, wannan mai nauyi ne, duwatsun ma da hannu aka dasa su, yaya sunansa? Ina shigowa da tire ɗauke da kofuna na ji ta yi dariya tana cewa, Mama Ta Huta mana, Baba, ai shi ne wanda... Ban bari ta ƙarasa ba, na saki tiren da gangan. Kofuna suka tarwatse, kwalba ta yanke ni a ƙafa, jini ya yi ta zuba, aka koma sannu-sannu da neman auduga. Ku ji irin mutumin da na zama, ina kallon jinina a ƙasa ina jin daɗi don ya sauya zance. Tun daga ranar na hana baƙi zama da shi in ba na nan, na ce likita ne ya ce ya rage hayaniya. Tsohon da ba shi da abin jin daɗi sai hira, na raba shi da ita.

Watan jiya kuma wani babban dila a layinmu ya rasu, mutumin da sitonsa uku cike da shadda da leshi. 'Ya'yansa suka zo shagon maƙwabcina, wani dattijon Alhaji Babarbare haifaffen Fagge mai sayar da fararen yadi, suka sayi alawayyo na likkafani. Ina tsaye ina kallo ya auna ya yanka. Da suka tafi ya juyo wajena, bai san komai ba bawan Allah, ya ce, "'Yar Mama, mu da ku duk mun yarda za a tashi. Kuma ba wanda zai tashi da shago." Na ce haka ne, Alhaji. Na shige sito na zauna a kan dilar Mama Ta Huta na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ƙodar Baba ta daina aiki. An yi wankin ƙodar an yi, ya ce ya gaji, likita ya ja ni gefe ya ce mu kai shi gida mu kula da shi. Ranar Litinin da ta wuce da hantsi, bayan na ba shi koko, ya ce in janyo masa akwatinsa na ƙarfe. Ya lalubo rigar nan a ƙasa, a ninke, tana ƙamshin kafur. Ya ɗora min a cinya. Ya ce ya san danginsa, za su zo da jar hula da kaya masu tsada su ce shi za a sa masa, ƙanena kuma ba zai iya ja da su ba. Ya ce ni kaɗai ya yarda da ni a duniyar nan, tunda ni na tsaya wa uwata a gaban dukan matan kasuwa ban ji kunyar tsummanta ba. Ya ce ya daɗe yana so ya nemi gafarata, wai da can yana zaton duniya ta cinye ni, sai ranar jana'izar nan ya gane ya zalunce ni a zuciyarsa. Jama'a, mahaifina ne yake neman gafarata. Abin da na iya cewa shi ne, Baba, ai ba atamfa ce za ta tashi ba. Ya yi dariya har da tari.

"Na sani, Ada, ni ba yaro ba ne. Amma bar ni da ɗokina. Ranar nan da idona zan tashi. Abin da nake so in fara gani bayan fuskar Ubangijina shi ne uwarki cikin zanin nan. Shekara goma sha ɗaya ban ga launinsa ba. Har yanzu shuɗi ne?"

Na ce shuɗi ne, Baba.

Na ɗauki rigar na shiga ɗakina na kulle. Na buɗe akwatina, na ɗaga lesussukan da ke sama, ga zanin Mama a inda na ɓoye shi, har da zaren da dutsen ya ja. Na shimfiɗa su a kan gado gefe da gefe. Na juya aljihun rigar, ga gurbin da ya yanka, daidai girman facin. Turmin da aka raba kafin a haife ni ya sake haɗuwa, amma a ɗakina, a hannun wadda ta fi kowa tsanarsa.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma shi ya fi tsorata ni. Duk ƙaryata a kan makantar Baba na gina ta. In tashin matattu gaskiya ne, kuma tun ina goye ake gaya min gaskiya ne, to akwai ranar da Baba zai buɗe ido, Mama kuma bakinta zai miƙe. Ranar da duk mai bi yake jira da murna, ni ita nake gudu. Akwai lokutan da nake kama zuciyata tana fatan a ce babu wani tashi, a ce ƙasa ce ƙarshe, don kawai asirina ya rufu. Wace irin Kirista ce wannan? Wace irin 'ya ce za ta gwammace uwarta ta ruɓe har abada da a ce ta tashi ta kalle ta? Ina so in koma cikin masu jiran ranar nan da farin ciki. Shagunan biyu, motar, gidan, wallahi in za a karɓe su a ba ni wannan zan miƙa makullai yau.

Na juya maganar ta kowace fuska. Zan iya yin shiru, in ya rasu in sa masa rigarsa, in ninke zanin Mama in sa a gefensa, a rufe, ba wanda zai sani. Zai tafi da kwanciyar hankali, amma zai tafi yana sa min albarkar da na sata, kuma ba zan ƙara samun wanda zan nemi gafararsa a doron ƙasa ba, domin Mama ta riga ta wuce. Zan iya kuma durƙusawa in ɗora masa zanin a hannu, ba sai na ce komai ba, yatsunsa za su sami facin su gaya masa. Amma mutumin da numfashinsa ma da ƙyar yake fita, in na ƙwace masa abu ɗaya da ya riƙe shekara uku yana jin sanyi, ba ni na ƙarasa shi ba? Tubana ne, ko kuwa wani son kan ne, in sauke kayana a kan mai mutuwa don ni in sami sauƙi? Na yi niyyar zuwa wajen Fasto sau biyu, ina kaiwa bakin ƙofar ofishinsa sai in ga fankar da na saya tana juyawa, in juyo.

Don Allah kada wanda ya ce min in yi sadaka ko in daina sayar da leshin, na riga na kwashe shi daga kantar shagona jiya, ba abin da ya ragu a ƙirjina. Masu iyaye tsofaffi, masu tsoron Allah na kowane addini, ku dube ni da tausayi ku gaya min gaskiya ko mai ɗaci ce.

Yau Laraba. Ranar Lahadin nan mai zuwa Ista ce, kuma kowa a gidan ya san ita ce ta ƙarshe gare shi. Tunda ba zai iya zuwa coci ba, Fasto zai kawo masa Jibin Ubangiji gida bayan sujada. Baba ya ce in goge masa rigarsa zai sa. Ya ce hannunsa na rawa, don haka ni zan riƙe masa ƙoƙon, in ya sha, ni ma in sha. Yanzu haka ina jiyo shi daga ɗakinsa yana kirana, Ada, Ada, wai in zo in gaya masa ko tsuntsayen jikin rigar har yanzu ana ganinsu.

Me zan yi?